Ba Ya Gida

Da sunan Allah mai jin ƙai na ɗauki alƙalamin nan, ko da yake allura ce hannuna ya saba da ita.

Tun da na dawo daga Faransa ban huta da tambaya ba. A bakin shago, a ƙofar masallaci, har a wurin zaman makoki, sai wani ya matso ya ce, "Malam Ilu, wai yaya Faransar take?" Nakan ce akwai sanyi, akwai jirgin da ke bin ƙarƙashin gari, a riƙe baki, a tashi. Duk gaskiya ne, amma ba shi ne labarin ba. Yanzu ƙarfi yana ƙarewa, gara in rubuta yadda aka yi, wanda zai zarge ni ya zarge ni ina da rai.

Mu biyu mahaifinmu ya bari a kan sana'ar ɗinki a Birnin Damagaram, ni da ƙanena Habu. Ni na tsaya ga babbar riga. Habu ya iya ta, amma sai ya koma ɗinka wa matan Nasara tufafi, yana sa metir yana auna musu ƙugu da ƙirji. Aka fara magana a unguwa. Wata rana na shiga ɗakinsa na tarar da wata farar riga da ya yi sati uku a kanta, na sa almakashi na keta ta gida biyar a gaban mutane. Na kira magini ya toshe ƙofar da ta haɗa sashena da nasa. Ranar da zai bar gari ya zo ban kwana, ya yi sallama sau uku a zaure. Ina zaune ciki ina jin muryarsa. Na ce wa matata ta aika a ce ba na nan. A lokacin na ce don addini na yi. Ba addini ba ne. Hannunsa ya fi nawa, kowa ya sani, ni kuma abin ya ƙi haɗiyuwa.

Shekara ashirin da uku ba mu ji daga juna ba. Sai a shekarar da ta biyo bayan babban farin nan wasiƙa ta zo daga Alhaji Sani, wani Bakano mai fataucin shadda da ke zaune a Paris, wanda yakan sayi riguna a hannuna. Layi huɗu ce. Ya ce ya ji ɗan'uwana ba lafiya, ciwon kuma ba na wasa ba ne, in ina da abin da zan faɗa masa to in taho. Abin da zan faɗa masa kalma uku ce, ka yafe mini. Ita ta ɗauke ni.

Kwana biyu muka yi a mota daga Damagaram zuwa Yamai. Gefen hanya duk ƙasusuwan dabbobi ne, ga mutanen daji sun kafa tsummoki a bakin garuruwa suna miƙa hannu. Jandarma suka sauke mu ya fi sau goma. A Ƙonni taya ta fashe, muka kwana a tasha, wani Buzu da ke kusa da ni ya ba ni shayi, ya ce raƙuma arba'in gare shi bara, bana butar nan ta rage. Bai yi kuka ba.

Jirgin sama ba ni da abin faɗa a kansa, don idona a rufe yake ina jan carbi. Da muka sauka, wani ɗan sanda ya daɗe yana juya takarduna. Kwana nawa za ka yi, wa ya kira ka, ina tikitin komawa. Faransancina na shekara uku ne a lekol, makarantar boko, sai na ciniki, da shi na yi ta kare kaina. Mutanen duwan, wato kwastan, kuma suka buɗe jakata suka tarar da kilishin da na riƙo wa Habu. Ɗaya ya sa safar hannu ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar mushe, ya jefa a kwandon shara. Tsarabar ke nan, ba ni da wata.

Alhaji Sani yana jira da wata ƙatuwar rigar sanyi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, da shadda ɗaya ka zo ƙasar nan? Ku Damagarawa, ko sanyi sai kun nuna masa ku ƴaƴan sarauta ne."

A La Courneuve yake zaune, cikin wani dogon gini da ya fi unguwarmu yawan mutane. Hawa na goma sha ɗaya, na'urar hawa ta lalace, muka taka da ƙafa muna hutawa. Gidan ba zaure. Ka buɗe ƙofa sai ga ka a gaban matar mutum tana tuƙa tuwo. Na tsaya waje ina ta sallama har Hajiya ta leƙo ta ce, "Baba, shigo, nan ƙofar ita ce zauren, ita ce tsakar gidan." Tuwon na garin alkama ne, miyar kuka ce ta gaske amma ba daddawa, wai maƙwabta sun kai ƙara saboda wari. A matakala na gai da mutum bakwai, biyu suka amsa, su ma ƴan Mali ne.

Alhaji bai san gidan Habu ba, wurin aikinsa kawai ya sani. Washegari muka shiga metro, jirgin nan na ƙarƙashin gari, zuwa Belleville, muka gangara wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa inda ake ɗinka wa masu wasan kwaikwayo tufafi. Mai wurin wata tsohuwa ce siririya, allurai a maƙale a ƙirjin rigarta, kowa Madam yake ce mata. Da Alhaji ya ce mata ni ne wan Habu, sai ta riƙe hannuna da nata biyu ta yi ta magana. Alhaji yana juya mini. Ta ce shekara goma sha shida Habu ne babban mai yanka mata yadi, wata uku da suka wuce ciwon ƙirji ya kayar da shi, ya koma Lyon garin matarsa. Kafin ta nemo adireshin, sai ta ce lalle in ga aikin da ya bari.

Wasan da suke shiryawa na masu arzikin Ingila ne na zamanin da, wajen shekara ɗari da saba'in baya, lokacin da kakannin kakanninmu ke raye. Ta fara da kayan mata. Ƙugun rigar ba a ƙugu yake ba, can ƙarƙashin ƙirji aka ɗaure ta, daga nan ta zubo har ƙasa, farin yadi shara-shara da ko a zafin bazara matata ba za ta fita da shi ba. Na tambaya ko ƙasar tasu ba sanyi. Madam ta ce ta fi nan ma, amma ado ne, mace ta gwammace ta yi tari da a ce ba ta waye ba. Hularsu ta kaba ce mai dogon baki, mace ba ta ganin wanda ke gefenta sai ta juyo gaba ɗaya. In an yi rasuwa kuma baƙi ake sawa tun daga safar hannu, wata da watanni, har takardar wasiƙa sai an yi mata baƙin gefe.

Na maza ya fi ba ni mamaki. Wando ya kama ƙafa kamar fata, hula kamar an kife ƙaramin turmi, ga wani farin ƙyalle da aka sa wa sitaci har ya sandare, ana naɗa shi a wuya. Ta ce mai ji da kansa yakan yi awa guda gaban madubi yana naɗi, in bai zauna ba a jefar a kawo wani, bara yana tsaye da su a hannu.

Alhaji ya ce, "To ai rawani ne, sai dai ya zame ya faɗo wuya."

Sannan ta kai ni gaban wata kwat shuɗiya mai wutsiya biyu kamar ta tsattsewa, hannu ɗaya ba a haɗa ba. Ta ce ita ce ta ƙarshe da Habu ya taɓa. Na juya wuyan kwat ɗin na duba ciki. Ɗinki ne na hannu, ɗaruruwa, ƙanana kamar ƙwayar gero, ba ko ɗaya da ya fito waje, su ne suka sa wuyan ya lanƙwasa da kansa ba guga. A ƙarshen layi ya mai da allura baya sau uku ya ɓoye zaren, yadda mahaifinmu ya koya mana. Na yi shekara hamsin ina ɗinki, ba zan iya wannan wuyan ba. Na sake shi na sa hannuna a aljihu.

A kan tebur akwai gidan kwali, samfurin wanda za a kafa a dandalin wasan. Gidaje ne a jere sun yi baka, duk fuskarsu ɗaya, ba zane, ba zanko, ba yadda za ka gane na wane da na wane. Mu a Birni mutum a fuskar gidansa yake nuna arzikinsa. Su a ɓoye suke nunawa. Tagogin bene na farko su ne dogaye, nan ake karɓar baƙi. Kana hawa suna gajarta, har ka kai na can ƙoli, ƴan mitsi-mitsi, nan barori ke kwana. Madafa tana ƙarƙashin ƙasa, da matakalarta dabam bayan shingen ƙarfe, don kada mai kawo nama ya taka ƙofar maigida. Na ga wasu tagogi an toshe su da bulo, surarsu kawai ta rage. Madam ta ce hukuma ce ta sa haraji a kan taga, sai wasu suka zaɓi duhu.

Na tambaya ina baƙo yake tsayawa ya yi sallama. Nan ta yi dariya ta ja kujera. Ta ce ba a sallama. Mutum ba ya ma yi wa wanda bai sani ba magana sai na uku ya haɗa su. In za ka ziyarci wani, ƴar takarda kake ɗauka mai sunanka, ka miƙa wa bara a ƙofa. In an karɓe ka, kwata ɗaya na awa za ka yi, hularka a hannu, ka tashi. In ba a son ganinka, bara ya dawo ya ce maigida ba ya gida. Kai ka san yana nan, shi ya san ka sani, ba wanda zai kira shi ƙarya. Sai ka bar takardarka ka koma ka jira. In ya aiko da tasa, hanya ta buɗe. In shiru, ka san matsayinka, ba ka kuma sake zuwa.

Alhaji ya kwashe da dariya ya ce, "Malam, ashe Ingilishi danginku ne." Da ya ga fuskata sai ya daina dariyar. Bai san labarin zaure ba, amma mutum ne mai lura.

Madam ta rubuta adireshin, ta ɗaga tarho ta ce bari ta gaya musu ina tafe. Na hana. Na ce ina so in ba shi mamaki. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji a gaya masa ya ce kada in zo. Alhaji ya so ya raka ni, kayansa suka iso tashar ruwa, dole ya tsaya. Ya saya mini tikiti, ya rubuta mini sunan wani masaukin ma'aikata Larabawa kusa da kogi, ya ce, "Don Allah Malam, in ka je ka ajiye rawanin a ƙofa."

Jirgin ƙasan Lyon awa biyu ya yi a tafiyar da motarmu za ta kwana. Wata mata da ke gabana ta miƙo mini burodi da wani jan nama a ciki, na ce na gode, na ci dabinona. A Lyon kuwa ko'ina ka duba alade ne a rataye, kwanakin da na yi burodi da sardin na ci.

Ranar Talata da azahar na isa. Gidan yana kan tudu, a unguwar masaƙan siliki na da, tagoginta dogaye saboda tsayin masaƙa. Ƙofar titi a kulle take. A jikin bango akwai sunaye da maɓallai da wani ƙarfe mai huji-huji. Na ga sunan mahaifinmu a rubuce da boko, na danna. Muryar mace ta fito daga bango. Na faɗi sunan Habu, na ce ni ne wansa daga Nijar. Ta ce ba ya gida.

Wannan na ji shi sarai, don Faransanci ne mai sauƙi. Na ɗaga kai, sai na ga labule ya motsa a hawa na uku. Muryar ta ci gaba da magana da sauri, amma jini ya riga ya hau mini kai, na ja da baya har tsakiyar titi. Na ce a raina, to, an rama. Yana zaune ciki yana jina. Shekara goma sha shida yana ɗinka kayan mutanen nan, ya koyi halinsu. Na yaga takarda na rubuta sunana da na masaukin, na tura ta cikin akwatin wasiƙu da ke jikin ƙofar, na gangara. Na ji kamar an buɗe taga ana kira a bayana. Ban waiwaya ba.

Na ce wa kaina haƙuri nake yi. Ni ne babba, na ƙetare ƙasashe na zo ƙofarsa, saura shi ya aiko. Laraba na zauna bakin gado da rigata a jiki, duk takun da na ji a matakala sai in miƙe. Wani tsoho ɗan Aljeriya da muke ɗaki ɗaya, wanda injin masana'anta ya cinye masa yatsu uku, ya zubo mini kuskus ya tambayi abin da ya kawo ni. Na gaya masa da guntun Larabci da guntun Faransanci. Ya nuna mini ƙofa da dungulmin hannunsa ya ce in koma, ɗan'uwa ba gwamna ba ne. Na ce gobe. Alhamis na fita har gindin tudun, na tsaya ina kallon matakalar, na ce in na koma aka sake cewa ba ya gida fa? Na juya na bi bakin kogi har la'asar ta wuce.

Juma'a da hantsi aka ce ina da baƙuwa. Budurwa ce ƴar shekara ashirin, da wando, gashi a buɗe, goshinta na mahaifiyarmu sak. Takardata tana hannunta.

"Baba Ilu?"

Na ce ni ne.

"Ni Mariyama. Ƴar Habu." Hausarta tsinta-tsinta ce, tana cikawa da Faransanci. "Baba ya rasu. Jiya. La'asar."

Na zauna a kan matakala. Ita ba ta zauna ba, a tsaye ta gaya mini sauran. Kwanansa tara a asibiti. Ita da uwarta can suke yini, can suke kwana, ba wanda ya buɗe akwatin wasiƙu sai yau. Wadda ta amsa mini kakarta ce, tsohuwa mai ciwon ƙafa da ba ta iya sauka. A maganar nan da ban tsaya na ji ba, tsohuwar ta gaya mini sunan asibitin, ta ja jiki zuwa taga ta yi ta kira, ta ga wani mai babbar riga yana gangarawa. Asibitin kuwa yana ƙetaren kogin da na yi ta bin bakinsa ranar Alhamis.

Na ce, "Ya san na zo?"

"Ya sani. Kaka ta buga tarho ranar Talata." Ta share hanci da bayan hannu. "Ya ce a ɗaga shi zaune. Ya ce a aske masa gemu, a kawo hularsa ta gida. Mun neme ka a otel shida. Shi yana kallon ƙofa. Nas ta shigo, ya ɗaga kai. Likita ya shigo, ya ɗaga kai." Ta dube ni. "Me ya sa ba ka dawo ba?"

Na buɗe baki in ce ban gane Faransancin ba ne. Ƙaryar tana nan a shirye, za ta kuma karɓa. Na ce, "Na zaci ya ƙi ganina ne. Na taɓa yi masa haka." Ban sani ba ko ta fahimta. Ta naɗe takardar ta sa a aljihu, ta ce uwarta tana tambaya ko na san yadda ake wankan gawa.

Ni da tsohon nan ɗan Aljeriya da wasu Larabawa biyu muka wanke shi. Ya rame har na iya ɗaga shi ni kaɗai. Gemun a aske yake. Na yaga likkafanin da hannuna na haɗa shi da ɗinkin da ba a ƙulla wa zare, shi ne ɗinki na farko da na yi masa tun muna samari. Sai da aka yi kwanaki ana neman takardu kafin aka ba mu wuri a gefen maƙabartar da aka ware wa Musulmi, kuma a cikin akwati, don dokarsu ba ta yarda a sa mutum a ƙasa haka ba. Matarsa ta tsaya nesa cikin baƙaƙen kaya. Ta gaishe ni da kai, ni ma haka. Ba mu da harshen da za mu yi fiye da wannan.

Mariyama ce ta raka ni tashar jirgi. Muna tsaye ana kiran garuruwa, na ga in ban tambaya yanzu ba, ba ni da wanda zan sake tambaya.

"Ƴata, kafin ya cika, ya ce ya yafe mini?"

"Yafe?" Ta girgiza kai. "Ban san wannan ba, Baba."

Hausar da ya koya mata ta gaisuwa ce da ta abinci. Na laluba cikin ɗan Faransancina, kalma ɗaya na samu. Na dafa ƙirjina na ce, "Pardon. Pardon." A can ita ce kalmar da mutum yake faɗa in ya taka ƙafar wani a cikin taro. Jakata tana tsakaninmu, ina jin ta zaci haƙuri nake ba ta don jakar ta buge ta. Ta janye ƙafarta, ta gyara mini wuyan rigar sanyi, ta ce da Hausa, a hankali don kada ta yi kuskure, "Ba komai, Baba."

Jirgi ya zo na shiga. Amsar da na taho da ita ke nan, na kuma san ba tambayata ta amsa ba. Wanda ya karanta wannan, kada ya ce mini Allah bai yi zan same shi ba. Ya sa Habu cikin addu'a, ni kuma ya roƙa mini abin da ban samu a Lyon ba.